Inda Fitilar Ba Ta Kai Ba

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar Baba? Auta ta koma makaranta kuwa? Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki.

Kin ce in sanar da ke ranar da fim ɗin da na samu shiga zai fito, ki tara maƙwabta. Inna, kada ki tara kowa.

Fim ne a kan yadda ake wulaƙanta baƙar fata irinmu, shi ya sa na yi murna da farko. Ranar ɗauka aka shafe mana fuska da mai, na tuna yadda kike tare ni a bakin ƙofa ki shafa mini. Sai mai fitilu ya juya manyan fitilunsa kan farar matar da ke tausaya mana a labarin, haske ruwan zuma, har gashinta na walƙiya. Mu aka bar mu jikin bango cikin wani shuɗi mai duhu. Na tambaye shi dalili, ya ce duhun ne ke nuna wahalarmu. Na koma jikin bangon, don ina son aikin.

Jiya aka nuna mana. Ita har hawayenta ana gani. Ni ban gane kaina ba.

In kin kalla, ki duba mai karkatacciyar kafaɗa a bayanta. Ke dai za ki gane ni.

A sa ni a addu'a. Don Allah ki aiko mini hoton nan da aka ɗauke ni a tsakar gida da rana tsaka.

Ɗanki