Jitata Warin Fata Take Yi

Anti Mas'uda, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ko matata ban iya faɗa mata duka ba.

Ni makaɗin jita ne, tun ina Kafanchan nake kiɗa a coci. Da na zo Kano sai na samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa ɗanyun fatu ana kankare nama da gashi. Duk wanda ya taɓa bi ta wajen ya san warin, to ni a cikinsa nake wuni. Ruɓaɓɓen kitse, ƙudaje, ga baƙin ruwa yana malala a kwata. Da can ban damu ba. Ina komawa gida Zawaciki zan yi wanka in ɗauki jita, waƙa ta zo da kanta. Yawancin waƙoƙin da ake rerawa a cocinmu ni na tsara su.

Yanzu ƙyamar jitar nake yi. Kemikal ya tsattsaga min yatsu, in na danna tsirkiya har ruwa suke fitarwa. Rannan na sunkuya zan ɗaure tsirkiya, na ji warin fata ya kama itacen jitar, sai da na fita na yi amai. Tari ya ƙi barina. Abincina burodi da lemon gwangwani mai ƙara kuzari. Barci kuwa ba tsari, wannan satin aikin safe, wancan na dare. Lahadin da ta wuce ina tsaye gaban jama'a ina kaɗa waƙar da na tsara da kaina, wasu har da hawaye, ni kuwa ji nake kamar fata nake kankarewa. Na tsani muryata, na tsani tafin da suka yi min. Mayaudari kawai na ɗauki kaina.

Ga ƙanwata Albarka za ta yi aure a Disamba. Tun tana ƙarama na yi mata alkawarin waƙar biki wadda ba wanda ya taɓa ji. Kullum sai ta bugo waya da murnarta tana tambaya, ni kuma ko baiti ɗaya babu. Matata Rut ta ce in je asibiti, abokina Sulemanu ya ce in ajiye aikin. Ni dai har na samu mai sayen jitar. Anti, baiwar ce ta ƙare?

Makaɗin da ya gaji, Zawaciki

Ɗan'uwana, kada ka sayar da jitar nan. Baiwarka tana nan, jikinka ne ya gaji har ya fara ƙin duk abin da ka miƙa masa. Mutumin da yatsunsa ke ciwo, ƙirjinsa ke tari, ba barci ba abincin kirki, ta ina waƙa za ta fito masa?

Rut ta fi ka gaskiya. Ka je asibiti a satin nan, a duba ƙirjinka da fatar hannunka. Ka faɗa wa likita irin aikin da kake yi, ka kuma gaya masa abin da kake so da can ya daina yi maka daɗi, don damuwa ma ciwo ce kuma ana maganinta. Sulemanu ma bai yi ƙarya ba, wurin yana cutar da kai. Amma aikin nan shi ke riƙe da gidanka, kada ka ajiye shi cikin fushi. Ka nemi safar hannu da takunkumi, haƙƙinka ne. In likita ya rubuta maka takarda, ka roƙi a canza maka ɓangare, kana cigiyar wani aikin a hankali.

Ka rabu da lemon gwangwanin nan, ka sha ruwa, ka ci abincin gida. Kayan aiki kada su ƙara shiga ɗakin da jita take. Ka goge ta, ka sa mata sababbin tsirkiyoyi, ka ajiye ta har yatsunka su warke. Ka nemi hutu daga kiɗan coci na ɗan lokaci. Wannan ba laifi ba ne, kuma kai ba mayaudari ba ne, marar lafiya ne da ya daure. Kafin nan ka riƙa fita da ƙafa inda iska take da kyau, kana rera abin da ya zo bakinka, ko da shirme ne.

Albarka kuwa, ka kira ta ka faɗa mata gaskiya. Ta fi buƙatar yayanta ya tsaya da lafiyarsa a bikinta. In waƙar ta zo kafin Disamba, madalla. In ba ta zo ba, ka kai mata ranar suna. Allah ya ba ka lafiya, ya sanya alheri a auren.

Anti Mas'uda