Tsirkiyar Garayarka Ta Tsinke, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake yi wa uba, da fatan Allah Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san inda kake ba a kai wasiƙa. Amma shekara ashirin da shida ina koya wa ƴaƴan mutane rubutu a lakwal, makarantar boko, idan abu ya fi ƙarfina ban iya komai ba sai ɗaukar alƙalami. Ka yi haƙuri, wannan karon ma da takarda na zo maka.

Doguwar tsirkiyar garayarka ta tsinke, yau kwana goma sha ɗaya. Tun ranar Inna ba ta sha furar kirki ba.

Ka san halinta. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa sa abinci a baki ba sai ka ci. Ba ta tambaya, ba ta leƙo zaure. Idan ka dawo daga gona ka yi azahar ka sha furarka, sai ka jawo garaya ka ɗan taɓa. Daga jin sautin ta san ka gama, sai ta ɗauki ludayinta. Mu muna yara mun ɗauka nishaɗi kake yi. Ashe magana ce tsakaninku.

Abin da ba ka sani ba shi ne, bayan tafiyarka da shekara ɗaya hankalinta ya fara gushewa. Ta manta an yi zaman makokinka. Ni ma wani lokaci baƙo take ce mini, ta sa a ba ni ruwa. Abu guda ne bai gushe ba. Idan ƙanwata Rabi ta kai mata ƙwarya, sai ta ture ta ce, "Shi bai sha ba tukuna."

To, ga abin da zan faɗa maka da kunya. Shekara biyu ke nan, kullum bayan azahar ina shiga zaure in rufe ƙofa in kaɗa ɗan gajeren taken nan naka, wanda shi kaɗai ya maƙale mini a kunne. Ni ɗin nan da na rubuta "manomi" a takardar shiga kwaleji, don kada a ce ɗan makaɗi ne, balle a tono cewa kakanninmu ga ƴan bori suke kiɗa kafin ka daina. Yanzu da furfurata nake ɓuya ina kwaikwayon hannunka. Kuma tana sha, Baba. Tana shanyewa har ta lashe ludayi.

Da tsirkiyar ta tsinke na yi abin da ɗan boko yake yi, na tafi neman wadda ta fi ta.

Na fara da kasuwar Madawa. Wani mai tebur ya ba ni zaren roba na kamun kifi, ya rantse jikana zai gaje shi. Gaskiyarsa, ba ya tsinkewa. Miƙewa yake yi. Ka ɗaure da safe, kafin azahar zafi ya sa ya saki, ka taɓa ka ji kamar ana kaɗa igiyar shanya.

Sai na je wurin mai gyaran moto ya warware mini wayar birkin babur. Wannan kam tana da murya, har ta yi yawa. Ta yanka mini yatsa, kwana biyu kuma ta fara tsatsa.

Wani tsohon ɗalibina da ke Yamai ya aiko mini da tsirkiyar ƙarfe ta wani abin kiɗan Turawa da ake kira mandolin, cikin takarda mai ƙyalli. Na zauna na karanta duk abin da aka rubuta a bayanta, an ce an shafe ta da abin da ke hana tsatsa, an ce tana daɗewa. Na ji daɗi ƙwarai, don a karon farko karatuna ya shiga harkar garaya. Da na ja ta, sai na ji fatar tana kuka, itacen ya fara lanƙwasa. Na yi maza na kwance. Amma kafin nan na kaɗa sau ɗaya. Rabi ta ce Inna ta ɗaga kai ta saurara, sannan ta ce, "Wanga ba shi na ba. Wa ya shigo muna gida?"

Matar da ba ta gane fuskar ɗan da ta haifa ba, ta gane tsirkiya.

Na san da jijiyar bayan bijimin sa kake yin taka. Na tuna kana karɓo ta wurin mahauta ranar kasuwa, kana bugun ta a kan turmi har ta zama kamar gashi. Daga nan ban san komai ba. A inuwa kake shanya ta ko a rana? Sili nawa kake haɗawa? Dama kake murzawa ko hagu? Mene ne abin nan da kake shafa mata daga ƙaramin gwangwani? Sau uku na gwada. Ta farko ta bushe ta karye kamar kara. Ta biyu ta warware. Ta uku ta yi wari har Rabi ta fitar da ita bayan gida da sanda.

Na hau kabu-kabu har Garhanga wurin Bawa, abokin kiɗanka, wanda yanzu idanunsa suka tafi. Ya shafa fuskata ya yi dariya. Ya ce shi saye yake yi wurinka, ba ka taɓa bari ya ga yadda kake murza ba. Ya ce, "Kai ka zamna kusa da shi kullum. Mi ka gani?"

Shafi na gani, Baba. Kana murza a cinyarka, ni ina gefen tabarma da littafin Faransanci, ina haddace sunayen kogunan ƙasar da har yau ban taka ba. Sau ɗaya ka ce mini, "Aje takardar ga ka riƙe mini bakin nan." Na ce ina da jarrabawa. Ba ka sake tambaya ba. Na ci jarrabawar. Har yanzu ina iya jero maka kogunan.

Likita a Buza ya duba Inna ya ce babu ciwon da zai ba magani, tsufa ne, a lallaɓa ta ta ci. Da gajeruwar tsirkiya kaɗai nake kaɗawa yanzu, wadda ta rage daga hannunka. Idan ta ji, takan kurɓi ludayi biyu ko uku kamar mai shakka, ta ajiye. Da wannan take rayuwa. Zoben hannunta ya fara zamewa.

Na daɗe ina juya abin, na ga malami ɗaya ne ya rage mini, ita gajeruwar. Idan na jiƙa ta na warware sili-sili, zan ƙirga, in ga inda murzar ta nufa, in shinshina abin da ka shafa. Amma abin da aka warware ba ya komawa. Idan na kasa, na raba Inna da ludayi ukun ma da hannuna. Rabi ta yi kuka ta ce in bari. Na ce mata ludayi uku ba za su kai ta kaka ba.

Na kwance ta da hantsin nan. Tana cikin kwano, cikin ruwa, a gabana. Sabuwar jijiya tana rataye a inuwa, don na zaɓi inuwa. Yau azahar za ta wuce shiru. Mun ce wa Inna ka tafi kasuwa, ta ce to, za ta jira ka.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini abin da na raina. Allah Ya ara wa yatsun nan nawa abin da Ya ba naka, ko na yini ɗaya ne. Idan kuma jiran nata ya zo ƙarshe, Allah Ya sa kada ta iso maka da yunwa.

Ruwan ya fara shiga, bakin tsirkiyar ya buɗe. Bari in ajiye alƙalami.

Ɗanka,
Salifu, daga zaurenka a Tabotaki.