A Allo Ake Kirana Yanzu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai kunnen nan. Ƙarar injin wurin aiki ta cinye rabinsa, kuma shugabanmu ya ce in bai gyaru ba zai sallame ni.

Na sha zuwa asibiti a banza. Da baki suke kiran mutum, sai in wuni a benci layina ya wuce ban ji ba. In na samu shiga, likita ya yi ta zuba da yarensu na nan da ban iya sosai ba, ni kuwa ina gyaɗa kai, don ba a koya mana katse babba ba. Shi ya ɗauka na gane. Na tsani wurin, ba zan ɓoye miki ba.

Amma wannan karon sun kyauta. Sun kafa allo mai nuna lambar kowa, sun kuma kawo tafinta, wata dattijuwa mai jin Hausa. Ta zauna dab da ni ina kallon bakinta, ta ce, "Malam, wannan kan naka ya huta haka. Buɗe baki ka faɗi ciwonka." Da ta fassara masa, har likitan sai da ya dara. Sun auna ni, za su ba ni na'urar ji, aikina ya tsira in sha Allahu.

Roƙona ɗaya: ku bar turo saƙon murya, ba na jin addu'ar Inna sosai. Ku riƙa kirana ta bidiyo, ki zaunar da ita wajen haske in ga bakinta, in san inda zan ce amin.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki.