Lambobin motocin yashi

Litinin, 3 ga Fabrairu
Na haƙa yashin rafi har iya ƙuguna kafin ruwa ya tsattsafo. Da can kamu biyu ne. Motoci sun kwashe yashin da ke riƙe mana ruwa, ɗana Kioko kuma yana cikin masu loda musu.

Laraba, 5
Ma'aikaciyar hukumar yashi, Ndinda, 'yar firit da ita, ta manna takarda a jikin ɓaure: a daina ɗiba nan take, ko a kama mota. Ko juyawa ba ta yi ba wani direba ya yage ta, ya fyace majina a ciki.

Asabar, 8
Ndinda ta ce sai da lambar mota za a yi kamu, su kuwa sun shafe lambobin da laka. Na ce bar ni da su. Wa ke kallon tsohuwa mai shayi?

Talata, 11
Na jingina da bayan motar wani direba, Musyoka, ina ta mutsu-mutsu, zanina yana goge lakar. Ya ce, “Kaka, ƙaiƙayi ne?” Na ce, “Angona, kai ka ƙi sosa min!” Suka bushe da dariya. Lamba huɗu na rubuta a cinyata da gawayi. Aji uku na yi, ya isa.

Alhamis, 13
An kama motoci biyu. Sauran masu motocin suka zo da adduna da shebur. Sun fasa wa Ndinda kai, jini har cikin takalminta. Samarin gari suka banka wa mota wuta, ƙaurin taya har cikin tukunyata. Sai wani ya ce ai uwar Kioko ce ta ba da lambobin. Masu motocin suka danne Kioko, suka ɗora hannunsa a kan dutse. Adda ta sauka sau uku. Ina tsaye da butar shayi.

Juma'a, 14
Yatsu biyu suka rage.

Lahadi, 23
Rafi shiru, 'yan sanda a mashiga. Ni ke ba Kioko masara da wake a baki. Yana dai buɗe bakin. Ndinda ta zo da ɗauri a ka, wai motocin sun koma rafin gabas, ko zan leƙa mata? Na ce, “'Yata, idona ya mutu, ba na ganin lamba.” Ta tarar da ni ina zura zare a allura. Ta juya ta tafi.