Ciwon Idon Mairama Ba Yana Ba Ne

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ke kawo mana aikin ido kyauta a Mubi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da godiya. Tsofaffin yankunan Gude da Uba da kuka cire wa yanar ido suna yi muku addu'a har gobe. Ni ma da tawa na zo, sai dai akwai ɗan ƙorafi a bayanta.

Na farko. Matata Mairama tana da ciwon sukari. Bara waccan ta fara wuce maƙwabta ba gaisuwa, har aka ce Hajiya ta soma ji da kai. Ashe gefe-gefe kawai take gani, tsakiya ya dushe. Ga ɗankwali, ga kafaɗa, fuska babu. Ni ban yi babbar asara ba, tawa fuskar ta daɗe da tsufa. Amma ta jikokinta fa?

Na biyu. Da muka bi layinku, ma'aikacinku ya haska mata tocila, ya ce yanar ba ta nuna ba, mu dawo baɗi. Ba wanda ya tambaye ta ko tana da sukari. Mu kuwa mun saba jiran yana ta nuna kamar mangwaro. Muka koma gida muka zauna.

Na uku. Sai a Yola likita ya ɗiga mata magani, ya ɗauki hoton can bayan idon. Ya ce sukari ne ya sa ƙananan jijiyoyi yoyo, wurin gani na tsakiya ya kumbura, kuma irin wannan ba a jiran sa. Maganinsa allura ce a cikin ido, wata-wata da farko, wani sa'in a haɗa da aikin haske da suke kira lesa, sannan a riƙe sukari da hawan jini. Mairama mai gudun allurar hannu ta zauna aka yi mata ta ido, ta ce tsoron ya fi zafin. Idon dama ya riga ya yi nisa. Na hagu yana karɓar magani, muddin ba mu tsallake wata ba. Hanyar Yola kuwa ka san nisanta da wahalarta.

Roƙona, ranka ya daɗe: ku riƙa tambayar kowa game da sukari tun a layi. Ku zo da likitan da ke duba bayan ido. In da hali, a riƙa yin allurar a nan Mubi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka idanunka biyu. Mu ɗaya ya rage mana, shi nake roƙa wa.

Wassalam.

Malam Hammanjoda,
tsohon malamin makaranta, Mubi.