Tabo Bakwai a Takardar Ƙasimu

Umbadda, 12 ga Janairu 1979

Zuwa ga Yaya Rahmatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba da yara. Yaya tsinkar auduga? Ina tuna yadda yatsunki ke tsagewa a irin wannan lokaci. Ni lafiya ƙalau nake a gidan Kawu Jibrin, nan unguwar Umbadda ta Umdurman.

Kin ce in faɗa miki aikina da Hausa, ba da Larabcin jami'a ba. To, cibiyar bincike da ke Khartum ta ɗauke ni gwaji na wata uku, kuma ranar 7 ga Fabrairu kwamiti zai zauna ya yanke ko za a tabbatar da ni. Gurbi ɗaya ne, mu biyu muke nema.

Shugabana, Dakta Mika'ilu, ya ce in maimaita wani gwaji da aka fara yi a Amurka a 1953. Masana sun ƙiyasta duniya ta kai shekara biliyan huɗu da rabi, kuma da fari babu mai rai a cikinta, sai ruwa da iska da tsawa. Za a zuba ruwa a kwalba, a cika ta da iska iri uku da ake zaton su ne na wancan zamani, a rufe, a yi ta ƙyasta musu lantarki kamar walƙiya har kwana bakwai. Sannan a duba ko amino asid sun samu, wato ƙananan sinadaran da ake gina tsoka da jini da su.

Ki gaya wa Baba ba rai nake ƙera ba. Tubali bai zama gida ba, kuma Mai gini Shi ne Allah. Ki ƙara da cewa masanan ba su gama yarda a kan irin iskar ba.

Kwalaben na wanke su da asid, na gasa su awa huɗu. Gobe zan kunna. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya daga unguwar Dar Salam, Gogo Kubra, mai dafa mana shayi da jabana, wato gahawa, a cibiyar. Tun da ta ji asalina ta ɗauke ni ɗa.

Ƙaninki,
Ƙasimu

Umbadda, 26 ga Janairu 1979

Yaya Rahmatu,

Ina gaishe ku duka da fatan alheri. Yaya ƙafar Baba?

Ruwan kwalbar ya koma ja-ja a rana ta biyar. Da kwana bakwai suka cika na ɗiga shi a takardar gwaji, na fesa maganin da ke mayar da amino asid shunayya. Tabo bakwai suka fito, manya. Dakta ya tafa mini kafaɗa, har ya kai labari ga 'yan kwamiti.

Amma akwai kwalba ta biyu da na haɗa daidai da ta farko, ban kunna mata lantarki ba, don kwatance. Ita bai kamata ta ba da komai ba. Na gwada ta sau uku, sau uku ta ba da tabo shida. Ɗaya daga ciki na san shi a littafi: shi ya fi yawa a zufar hannun mutum.

Jiya na zauna shan shayi wurin Gogo, sai ta tambaye ni ko kwalaben sun yi albarka. Ashe ranar da na bar su suna hucewa na tafi sallar Azahar, ta shiga ta turara su da lubban kamar yadda take wa finjalan jabana, ta goge cikinsu da tsumman kofuna, ta yi musu addu'a. Ta ce ba a fara aiki da sabon mazubi haka gaya. Hayaƙin ba na jin shi ya ɓata aikin. Tsumman ne, mai madara, da hannunta.

Ban iya yi mata faɗa ba, Yaya. Ni na bar ƙofa a buɗe, ban rubuta gargaɗi ba, ban kuma taɓa yi mata bayani ba.

Kawu Jibrin ya ce in yi shiru, ai ba wanda ya ga kwalba ta biyu. Tun jiya nake tunanin shekarun da kika yi a gona don in yi karatu. Amma bakwai ɗin nan ba nawa ba ne. Gobe zan faɗa wa Dakta. Na lissafa: in na sake kunnawa ranar Lahadi, zan gama kafin kwamiti. Na san aikin nan.

Ku sa ni a addu'a.
Ƙasimu

Umbadda, 9 ga Fabrairu 1979

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna cikin hidimar Maulidi lafiya. Nan Umdurman ta cika maƙil.

Na kai wa Dakta takardun kwalaben biyu. Ya daɗe yana duba su, fuskarsa a ɗaure. Ya tambayi wanda ya taɓa su. Na faɗa masa, na kuma faɗi nawa sakacin. Ya ce zai hana Gogo shiga ɗakin gwaji, na roƙe shi ya bar mini in yi mata bayani. Da na yi, ta ce in dai hannun mutum da abin da walƙiya ke yi iri ɗaya ne, to me muke wahalar nema. Na ce mata tambayar ke nan da ake biyanmu mu amsa. Ta yi fushin kwana biyu, sannan ta huce.

Na sake wanke komai, na kunna ranar Lahadi. Wuta ta ɗauke sau uku, jimilla awa goma sha ɗaya, na rama su duka. Wannan karon kwalbar kwatance ta fito fes. Mai walƙiyar ta ba da tabo biyu kacal, na amino asid ɗin da ake kira glaisin da alanin, na biyun ma sai an ɗaga takarda wajen taga.

A gaban kwamiti wani dattijo ya ce shi bakwai ya ji, ina biyar suka tafi? Na ajiye takardun guda huɗu a jere, na bi su ɗaya bayan ɗaya da kwanan wata. Ya tambaya ko na tabbata da na biyun. Na ce na tabbata da glaisin, alanin kuwa ina so in maimaita kafin in rantse.

Aka ce in jira a waje. Minti arba'in na yi a tsaye. Da Dakta ya fito bai yi murmushi ba, sai ya zaro makullin ɗakin gwaji daga aljihunsa ya miƙo mini, ya ce, "Daga ranar Lahadi kai ke buɗewa, kai ke rufewa."

An tabbatar da ni, Yaya. Ki gaishe da Baba, da maigidanki, da yara, kowa da sunansa.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Ƙasimu