Ƙanƙarar Baba

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan naki?

Na san Mama ta gaya miki an naɗe min ƙafafu da bandeji, kuma na san yadda take ba da labari, yanzu haka kina tsammanin yanke su za a yi. Kwantar da hankalinki.

Saura mako uku a yi tseren da za a zaɓi 'yan wasan kwalejinmu. Kocinmu ya ce bayan dogon gudu mu riƙa ɗora ƙanƙara a ƙwauri. Maganar ta faɗa kunnen Baba. Mutumin da ya yi shekara ashirin a ɗakin sanyi na masu kifi, ai an zo wurinsa. Ya ce ƙanƙarar firjinmu wasan yara ce. Ya zo da tasa ƙanƙarar a cikin kula, ya farfasa, ya barbaɗa mata gishiri yadda suke yi a wurin aiki don ta ƙara sanyi, ya zuba a leda ya ɗaure min a ƙwauri, ba ko tsumma tsakani. Da farko ta yi zafi, daga baya na daina jin komai, na ɗauka aikinta take yi. Muka shantake da hira kusan minti arba'in. Da muka kwance, fatar ta yi fari ta sandare. Washegari duk ta yi bororo kamar ruwan zafi ya zubo min.

Likita ta ce ƙuna ce, sanyi ma yana ƙona fata. Ta tambayi wanda ya yi wannan aika-aika, na yi wuf na ce ni ce. Baba yana tsaye riƙe da hularsa, ya ce a'a, shi ne.

Yaya, ƙafar ba ta dame ni ba, Baba ne damuwata. A da shi ke kai ni filin atisaye a babur, ya tsaya yana duba min agogo. Yanzu kafin in tashi ya fita, in ya dawo ba ya iya haɗa ido da ni. Ya ce wa Mama ba zai je tseren ba, wai ya isa haka da ɓarnar da ya yi. Ni kuwa ban san yadda ake gudu babu shi a bakin fili ba. Don Allah ki kira shi, yana jin maganarki.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji daɗi da Mama ta ce bayan ya yi sauƙi.

Na gode da kiran da kika yi. Ya ce miki to, amma kin san irin to ɗin Baba, ba a gina komai a kanta. Fatar dai ta warke, sai tabo baƙi-baƙi, na kuma koma atisaye.

Jiya na yi abin da za ki ce ba ni da kunya. Daga fili na wuce wurin aikinsa da kayan guduna, na zauna a kan akwatin kifi, na naɗe wando, na ce ƙwaurina yana ciwo kuma babu wanda zai sa min ƙanƙara sai shi. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, wai likitan kifi ya yi baƙuwa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya shiga ya fito da tawul da ƙanƙara zalla, ya ninka tawul ɗin biyu, ya saita minti goma a waya. Duk bayan minti ɗaya sai ya ɗaga ya leƙa fatar.

A nan na kalli hannuwansa da kyau. Yatsun duk tabo ne irin nawa, sabo a kan tsoho. Na tambaye shi, ya ce sun daɗe da daina jin sanyi, shi ya sa da ya taɓa ledar ranar nan ya ji ba komai. Yaya, da waɗannan hannuwan aka yi mana karatu, ba mu taɓa tambaya ba. Sai na riƙe su.

Da wayar ta yi ƙara ya kwance tawul, ya duba, ya sake dubawa. Yana tattara kaya, bai ɗago ba, ya ce, "Tseren nan, ƙarfe nawa ne?"

Na ce bakwai. Ya ce mu fita shida, hanyar akwai cunkoso.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Auta